Ruwan da Anka Hana Maigidana

A garinmu, can bayan duwatsun Buza, in mutum ya kwanta ciwo ba a rataya masa ruwa ba, to ba a yi masa komai ba. Ko ƙwaya nawa ya haɗiya, ko allura nawa anka yi masa, masu zuwa gaisuwa ƙusar bango suke fara dubawa. In sun ga leda a rataye, ɗan tiyo ya sauko zuwa hannu, sai su ce alhamdu lillahi, ana kula da shi. Surukata, wadda muke ce wa Inna, kowace shekara in an gama yankan hatsi sai ta sa an ƙara mata leda guda mai launin ɗorawa. Ba ciwo take yi ba, wai gajiya. Kuma babu babban da bai san ƴar tayar nan da ke jikin tiyo ba. In ka murza ta sama ruwa ya zubo da gudu, in ka murza ƙasa ya koma ɗigo. Maza sukan buɗe ta da kansu don leda ta ƙare da wuri su koma garka.

Shekarar da na haifi ɗiyata ta biyu, tana goye ko zama ba ta fara ba, zazzaɓi ya kama maigidana. An rataya masa ruwa a gida kamar yadda anka saba. Zazzaɓin bai sauka ba, sai cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko zane ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Daga gidan likitan Buza anka sa mu a ambilans zuwa birni. Can sunka ce hanji ne ya huje, sunka yi masa aiki. Da anka fito da shi bai farka ba, numfashi ma ya gagare shi, sai sunka kai shi wani ɗaki da suke kira reya, inda ake ajiye waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Sunka zura masa tiyo a baki har maƙogwaro, wani inji yana hura masa iska.

Mu uku munka bi shi, ban da jaririya. Ni, da Inna, da wansa, wanda nake ce wa Yaya. Sai na bayyana yadda muke, in ba haka ba ba za a gane wahalar da na sha ba. Yaya surukina ne babba. Ba na kiran sunansa, ba na duban fuskarsa, ba na cin abinci a gabansa, in zan gaishe shi sai na durƙusa, kuma daga gaisuwa ba ni da wata magana da shi. Ita kuma Inna, Yaya ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta zama ta yi hira da shi ido da ido. A gida wannan ba ya damun kowa, don akwai mutane da yawa da za a aika. A birni kuwa mu kaɗai ne a kan tabarma ɗaya, ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin ɗakin, kowa yana kallon wani gefe.

Da farko Yaya ya yaba wa gidan likitan. Ranar da anka kwantar da maigida, leda na ƙarewa ana rataya wata. Yaya ya kira gida a salula yana cewa, "Ai nan likita na gaske su ke. Ruwa awa kogi!" Ni ma hankalina ya ɗan kwanta.

Sau biyu a yini ake barin mu shiga, mutum biyu kawai, mu tuɓe takalma mu sa wata riga. Ni nakan bar ɗiyata wurin Inna in tsaya daga ƙafar gado, a bayan Yaya. Tun da ba ni da bakin magana, sai ido. Na ga ledar fitsari da ke rataye a ƙasan gado ba ta cika. Na ga yatsun maigida sun yi ƙiba, shi da yake siriri, mai hannu duk jijiya saboda jan guga. Fatar idonsa ta tasa. Wata rana da Yaya ya juya, na danna ƙwabrinsa da yatsa, sai wurin ya lotsa, kuma har munka fita ramin bai cike ba. Na fito na zauna ina ba ɗiyata nono, ban san wa zan faɗa wa ba.

Ran nan ne kuma anka rage ruwan. Leda ɗaya ta yini a rataye tana ɗiga kamar mai jin barci.

Likitar da ke duba shi mace ce, Bazabarma, ba ta girme ni da yawa ba. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" take ce masa, har ni da Inna. Da safe takan turo wani keke mai gilashi kamar telebijin, ta shafa wa maigida wani abu mai yauƙi a ƙirji ta ɗora masa kan na'urar. Na gane abin tun daga taga, don an yi mini shi a ciki lokacin awo. Eko ne. Sai majo, babban mai jinya na ɗakin, ya kwantar da kan gadon ya ɗaga wajen ƙafafu, har ƙafafun maigida su fi kansa tsawo. Likita ta zuba wa gilashin ido na ɗan lokaci, ta girgiza kai, a maida gado yadda yake. Ba a ƙara ruwa.

Yaya ya ga haka ta taga sau ɗaya, sau biyu, sai ya tare majo a ƙofa.

"Malam, wai mi kuke yi wa ƙanena? Eko? Ciki gare shi?"

Majo ya yi dariya ya ce, "Alhaji, zuciya muke dubawa."

"Zuciya tana ƙirji, ku kuna ɗaga ƙahwa awa za ku feɗe rago. Kuma ruwa hwa? Tun jiya leda guda!"

"In jikinshi ya nema za a ba shi."

"Mutum da tiyo a baki, ƙaƙa za shi nema?"

Majo ya ce aiki na jiransa, ya shige. Yaya ya tafi farmasi ya dawo da kwali cike da ledojin ruwa a kafaɗa, ya dire a bakin ƙofa, don a tunaninsa rowa suke yi. Likita ta fito ta ga kwalin, ta ce, "Baba, kai ajiye. Ruwa akwai. Yanzu ruwa ba kyau gare shi." Yaya ya ɗauki kwalinsa ya kawo tabarmarmu ya zauna a kai. Ya yini yana kiran gida, yana cewa wata yarinya ta hana ɗan'uwansa ruwa.

Da la'asar munka shiga, ni da shi. Majo yana can ƙarshen ɗaki wurin wani tsoho. Yaya ya tofa wa maigida addu'a, ya shafa kansa. Sai na ga hannunsa ya bi tiyo a hankali ya sami ƴar tayar, ya murza ta sama har ƙarshe. Ɗigon nan ya zama zare. Ya gyara rigarsa ya fita abinsa, ko waiwaye bai yi ba.

Wallahi na tsaya kamar an kafe ni. Inji bai yi kuka ba, babu wanda ya gani sai ni. Na dubi ledar tana motsewa, na dubi yatsun maigida. Na kai hannu zan murza, sai na tuna ban san inda take a da ba, kar in rufe abin da bai kamata ba. In na yi shiru, ruwan ya shige. In na yi magana, na kai ƙarar wan mijina wurin baƙo. Ina ta wannan lissafi ledar tana tafiya. Ban san lokacin da na je na ja hannun rigar majo ba, ni da ban taɓa taɓa rigar wani namiji ba in ba ta maigida ba.

Ya zo da gudu ya murza tayar. Ya dube ni. "Wa ya taɓa?"

Na sunkuyar da kai.

"Madam, ke na tambaya. Ke kika buɗe?"

Na ce, "Hannu ya buɗe."

"Na san ba ƙafa ba ce. Hannun wa?"

Ya leƙa ta taga ya ga Yaya zaune a kan kwalinsa yana jan carbi, ya yi tsaki. Kafin magariba an faɗa wa mai gadi kar ya sake barin Yaya ya shiga in ba da majo a gefensa ba.

Ba sai an faɗa wa Yaya wanda ya tona shi ba. Mu biyu ne a bakin gadon. Bai ce mini komai ba, don shi ma ba ya yi mini magana. Amma da gari ya waye ya fita, da hantsi ya dawo da wani mai motar ɗaukar kaya, wanda yake jigilar albasa daga Madawa. Ya faɗa wa iska, ba Inna ba, ba ni ba, cewa a naɗe tabarma. Tun da an hana ƙanensa ruwa, kuma an hana shi shiga, zai maida shi gida inda ake rataya wa mutum ruwa ba gardama.

Likita ta ji labari ta fito. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mu shigo, ni da shi, mu gani da idonmu. Ta ɗora ekon a ƙirjin maigida ta nuna mana wani abu yana buɗewa yana rufewa a cikin gilashin, ta ce zuciya ke nan. A ƙasa akwai wasu tsaunuka farare suna wucewa, ta ce kowane tsauni jinin da zuciya ta tura ne sau ɗaya. Ta auna tsawonsu.

"Baba, kai duba. Ƙafa tana da jini da yawa kwance. In mun ɗaga ƙafa, jini ya gangara, ya zo zuciya. Kamar mun ba shi leda guda, amma aro. In zuciya yana so, tsauni ya yi girma, mu ba shi ruwa. In bai yi girma ba, zuciya ya ƙoshi. Ruwa da mun zuba ba ya zuwa ko'ina sai huhu. In mun sauke ƙafa, aro ya koma. Ruwa na leda ba ya koma."

Majo ya ɗaga gadon. Munka zuba ido. Ni dai na ga tsaunukan nan suna nan yadda suke, ko kaɗan ba su ƙaru ba. Ta sake aunawa ta nuna masa.

Yaya ya ce, "Ni ban ga komi ba sai telebijin da ba ta kama tasha."

Ta ce, "In kai ɗauke shi, sai mun cire inji. Ba ya kai ƙofar waje."

Ya ce, "Rai na Allah na." Ya fita.

Na bi shi a baya. Mai mota yana tsaye yana kaɗa makulli. Inna tana zaune riƙe da ɗiyata, ta naɗe tabarma rabi ta tsaya, ba ta san wanda za ta bi ba. Ita ba ta shiga ɗakin, tun ranar farko da ta ga tiyo a bakin ɗanta ta ce ƙafarta ba ta sake ɗaukarta. Duk abin da ta sani daga bakin Yaya ta ji shi, lokacin da yake faɗa wa salula.

Na karɓi ɗiyata. Ba kuka take yi ba, yatsanta take tsotsa. Na zauna na ɗora ta a cinya na juya wa kowa baya, na ɗaga murya yadda na san za a ji.

"Ke, yi shiru mana! Mi kike wa kuka? Ubanki kike nema? Ubanki shina ciki. Ke ba ki ga hannunshi ba, ya kumbura awa an hura. Na danna ƙwabrinshi rami ya zauna. Ruwa ya cika shi, ƴar nan, ba ya fita. An ɗaga ƙahwahunshi gabana, zuciya ta ce ta ƙoshi. Yanzu an ce za a kai shi gida. Injin da ke mishi lumfashi ba ya shiga mota. In an cire, ke za ki riƙa hura mishi har Buza?"

Yarinya ta dube ni ta yi dariya, miyau yana zuba.

Mai mota ya daina kaɗa makulli. Can sai na ji Yaya ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, hwaɗa wa uwarki, tun ba a haihe ta ba nike ganin ana ƙara ruwa. Ban taɓa ganin wanda ruwa ya kashe ba."

Na ce, "Ke, ce wa babanki babba, ni ma ban taɓa ganin mutum da tiyo a maƙogwaro ba sai wanga karo."

"Ɗiyata, tambayi uwarki, ita ta haihe shi ko ita ta yi wayo da shi?"

"Ce mishi ni ba ni da wani uba da zan ba ki in wanga ya tahi."

Wasu mata masu jinya da ke tabarmar kusa sun bar tankaɗen garinsu suna kallonmu. Ɗaya ta ce wa ƴar'uwarta, "Wagga jaririya ta fi alƙali aiki."

Inna ta miƙo hannu ta karɓe yarinyar daga cinyata. Ta kafa ta a gwiwa ta dube ta. "Ke kishiyata, ƙarya uwarki take yi ko gaskiya? Rami a ƙwabri?"

Na ce wa bayan kan ɗiyata, "Ce wa Inna ta je ta danna da kanta."

Inna ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta miƙa mini yarinyar, ta tashi, ta gyara lulluɓi. Majo ya sa mata rigar da kansa. Ta taga na ga ta tsaya nesa da gadon, ta ƙi duban fuskar, ta matsa wajen ƙafafu. Ta danna. Ta jira. Ta sake dannawa a wani wuri. Ta ɗauki hannunsa ta jujjuya.

Da ta fito ba ta dubi kowa ba. Ta warware tabarmar ta shimfiɗa, ta tuɓe takalma, ta zauna, ta sake karɓar jikarta.

"Kishiyata, hwaɗa wa mai gidan can, wanga da ke kwance ni na haihe shi, kuma hannunshi bai taɓa yin haka ba. A sallami mai albasa."

Yaya ya ce wa jaririya, "To, in wani abu ya hwaru, ke shaida ta." Ya ja mai motar gefe, sunka daɗe suna magana, motar ta tafi ba kowa.

Bayan haka babu wanda ya ce da wani uffan, sai ta bakin yarinya. In an kawo fura, "Ke, ce wa babanki ga fura." In lokacin shiga ya yi, "Ɗiyata, ce wa uwarki ta tashi." Har mai gadi ya koya, in ya zo korar mutane sai ya sunkuya ya ce mata, "Hajiya ƙarama, a ce wa mutanenki lokaci ya yi." Ni kuma nono ya fara ja baya saboda fargaba, yarinyar da ake ta aika ta ko ƙoshi ba ta yi.

Sun ba maigida maganin da ke sa fitsari. Ledar ƙasan gado ta fara cika, ana zubarwa tana sake cika. Yatsunsa sunka fara komawa nasa. Kowace safiya ana turo keken eko, ana ɗaga gado, likita tana girgiza kai. Ni har na koyi tsayawa a gefen tagar da ake hango gilashin.

Sai wata safiya zazzaɓi ya dawo masa, kuma wani tiyo da anka sa masa a ciki tun ranar aiki ya zubar da ruwa da yawa. Injin da ke kansa ya riƙa kuka. Likita ta zo da sauri, majo ya ɗaga ƙafafu. Daga taga na ga tsaunukan nan sun miƙe, sun yi tsawon da ban taɓa gani ba. Likita ba ta girgiza kai ba. Ta yi wa majo magana da Faransanci, ya rataya sabuwar leda, ya murza tayar sama da hannunsa, ruwa ya zubo kamar zare. Da ta ƙare sunka sake ɗaga ƙafafun, sunka ƙara rabi, sunka sake ɗagawa, sannan sunka maida shi ɗigo. Injin ya yi shiru.

Yaya yana bayana yana kallo. Na ji ya ce, "Allahu akbar! To ba ga shi ba?" Kafin in juya ya ciro salula. "Sun ba shi! Sun ba shi ruwan! Abin da nike hwaɗi tun ran farko. Sai da sunka ga za shi mutu sannan sunka ji maganata."

Na dubi ɗiyata a bayan Inna. Barci take yi. Ko ta wurin da zan amsa babu.

Daga ranar maigida ya fara samun sauƙi. Sunka rage maganin barci, ya buɗe ido, ya matse mini yatsa. Daga baya sunka cire tiyon, ya yi tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ya shaƙi iska da kansa. Ranar da za mu bar ɗakin na je in yi wa likita godiya, sai ta riga ni. Ita ce ta ce, "Kai, madam, kai yana da ido." Ta ja kumatun ɗiyata.

Mun dawo gida maigida yana tafiya da sanda. Bai tuna komai ba daga ranar da anka sa shi a ambilans. Duk abin da ya sani a ƙofar masallaci ya ji shi, kuma Yaya ne mai ba da labari a can. Ina daka a cikin gida ina jiyo shi ta kan katanga, yadda ya saya wa ƙanensa ruwa kwali guda, yadda wata yarinya ta hana, yadda ya tsaya tsayin daka har anka buɗe. Zancen mai motar albasa ba ya cikin labarin. Inna kuwa in an tambaye ta sai ta ce Allah ne ya yi, ta ci gaba da kaɗinta.

Da maigida ya ɗan yi ƙarfi ya kira ni ya ce, "Ba don Yaya ba da yanzu kina takaba. Ki kama zabo guda cikin nawa, ki gyara shi da kyau, ki kai mishi da hannunki."

Na buɗe baki, na dubi wuyansa da ya rame, da tabon da ke cikinsa, na rufe. Na fita bayan gida na watsa dawa, zabin sunka taru. Na daɗe ina dubawa kafin in sami wanda ya fi kowanne ƙashi.